Yadda za ka hana baƙin man injin ban ruwa kashe agwagin fadamarku

Ranar da na tsinci wata kirinjijiya, agwagwar dajin nan ta fadama, sanyin hunturu ne ya sa na makara zuwa gona. Rana ta ɗan ɗaga, hazo bai gama washewa ba, na gangara bakin ruwa in tayar da inji in shayar da albasa. Sai na gan ta a tsugune gindin ciyawar kacala, bai fi taku biyar daga inda injin yake ba. Duk wanda ya san kirinjijiya ya san ba ta bari a matso ta, tun kana nesa garken zai tashi da fiton nan nasu. Wannan ko motsi ba ta yi ba. Gashin ƙirjinta ya cure ya manne kamar an shafa masa kwalta, jikinta na ɓari, tana ta kai baki tana tsefe wurin, har bakin ya yi baƙi. Na ɗauke ta na sa a kwali a rumfar gona. Kafin azahar ta mutu.

Man da ya kashe ta nawa ne. Kwana biyu kafin nan na yi juyen mai, na kwance noti na bar baƙin man ya tsiyaye a ƙasa, kamar yadda na saba, kamar yadda kowa ke yi a layinmu. Da dare mesa ta ɗan fashe, ruwa ya bi ta wurin ya wanke shi zuwa cikin gulbi. Ni malamin aikin gona ne a wata ƙaramar sakandare a yankin Kirikasamma, da rani kuma ina noman albasa da tattasai. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, shi ya sa na shiga bincike da karatu a kansa, na kuma canza yadda nake aiki da inji. Abin da na koya nake son in ba 'yan'uwana manoman rani, daga Hadejia zuwa Guri, da na gefen Kadawa da Kura ma, duk wanda injinsa ke zaune a bakin ruwa.

Da farko sai ka yarda da abu guda, in ba haka ba sauran bayanin ba zai shige ka ba: man da ya ɓace daga saman ruwa bai tafi ko'ina ba. Mu abin da ido ke gani muke aunawa. In ƙyallin nan mai launin bakan gizo ya watse bayan kwana biyu, sai mu ce ruwa ya cinye shi. Wani ɓangare rana ta busar, gaskiya ne, musamman fetur. Amma baƙin mai nauyi gare shi, yana kama laka ya nutse da ita, ya kwanta a ƙasa. Ita kuwa agwagwa a cikin lakar nan take kiwo. Can take cusa baki tana tace katantanwa da tsutsa da 'ya'yan ciyawa.

Inda aka fi bin diddigin wannan al'amari shi ne Alaska, can arewacin Amurka. A ranar 24 ga Maris 1989 wani jirgin ruwan dakon ɗanyen mai, Exxon Valdez, ya daki dutse a mashigin tekun Firins Wiliyam, ya zubar da kimanin galan miliyan 11. Man ya ɓata gaɓar teku ta kusan kilomita 2,000, kuma an ƙiyasta tsuntsayen teku wajen 250,000 suka mutu a farkon lamarin. Wannan kowa ya gani a hotuna. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ya biyo baya, lokacin da gaɓar ta koma fes a ido, 'yan jarida suka watse.

Akwai wata ƙaramar agwagwar teku da Turawa ke kira halikwin, mai zane-zane a jiki. Abincinta katantanwa da ƙananan halittun da ke maƙale a duwatsu da tsakuwar bakin teku, daidai inda man ya shige ya ɓuya. Masana suka riƙa kama su suna maƙala musu na'urar bibiya. Tsakanin 1995 da 1998, wato shekara shida zuwa tara bayan hatsarin, suka tarar a wuraren da mai ya taɓa, cikin agwagi mata ɗari kimanin 78 ne ke tsallake lokacin sanyi da rai, a wuraren da bai taɓa ba kuwa kimanin 84. Wani zai ce ai bambancin kaɗan ne. Makiyayi ba zai ce haka ba. In kowace shekara kana rasa ƙarin shanu mata shida cikin ɗari, ka san inda garkenka ya dosa. Ita wannan agwagwa tana da tsawon rai amma ba ta saurin hayayyafa, don haka mutuwar uwa ɗaya babban giɓi ne. Ga ta kuma da riƙon wuri: inda ta yi sanyin bara, nan za ta koma bana, ko da wurin ya gurɓace. Na wani wuri ma ba sa saurin zuwa su cike gurbin waɗanda suka mutu.

A 2001 aka koma ana haƙa ramuka a gaɓar, aka iske man kwance ƙarƙashin tsakuwa, wani ma da ɗanyensa. Akwai wani sinadari da hantar tsuntsu ke ƙara samarwa idan mai ya shiga jikinsa. Har 2009, shekara 20 cif, ana samun sa da yawa a hantar agwagin wuraren da abin ya shafa. Sai a 2013 aka auna aka ga ya daidaita da na sauran, a 2014 aka sanar cewa agwagin sun farfaɗo. Shekara 25. Yaron da aka haifa ranar hatsarin ya isa aure kafin tsuntsayen su koma yadda suke. Ba sai mun je Alaska ba ma: rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya ce gyaran wurin na iya cin shekara 25 zuwa 30.

Na san abin da za a ce, don an faɗa mini a majalisa: Malam, ina jirgin ɗanyen mai, ina ɗan injinmu mai cin rabin lita? Gaskiya ne, ba ɗaya ba ne. Zafin ƙasarmu ma yana taimaka mana, domin ƙwayoyin halittar da ke cin mai a cikin ƙasa sun fi aiki a wuri mai ɗumi, sanyin Alaska yana daga cikin abin da ya sa nasu ya daɗe. Amma ƙwayoyin nan suna bukatar iska, ƙarƙashin taɓo kuwa babu ita. Sannan ka tsaya bakin gulbinku da yamma ka ƙirga injinan da ke kuka. Kowanne ana yi masa juye sau biyu ko uku a rani guda, shekara da shekaru, a wuri ɗaya. Nasu teku ne mai igiya, namu kududdufi ne da ke ƙara tsukewa kullum har zuwa bazara, tsuntsayen duka su taru a ɗan abin da ya rage. Dausayin Baturiya da ke kusa da mu an sa shi a jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2008, saboda tsuntsayen nan. Ban da kirinjijiya da dinya da ke tare da mu, akwai ƙananan agwagin da ke ƙetaro Sahara daga Turai bayan kaka, su koma wajen watan Maris. Tafiyar dubban kilomita, su zo su sauka kan baƙin man mutum ɗaya.

To, aikin yana farawa daga inda ka girke inji. Yawancinmu muna manna shi da bakin ruwa don mesar zuƙo ta yi gajarta. Ja da shi baya gwargwadon yadda mesar za ta kai ba tare da ƙarfin ruwan ya ragu ba, ka nemi wuri mai ɗan tudu, wanda in ruwa ya kwarara zai yi cikin gona ba cikin gulbi ba. In wurin gangare ne, yi ɗan kunya da fartanya tsakanin injin da ruwa. Daga nan ka shimfiɗa tsohon tamfol ko leda mai kauri, ka ɗaga gefunanta da ƙasa ta zama kamar faranti, ka zuba buntun shinkafa ko yashi kauri yatsa uku, sannan ka ɗora injin a kan katako biyu. Buntu na fi so, don a yankinmu kyauta ne a wurin masu injin casa, kuma ɗigo ɗaya in ya faɗa masa za ka gani. Kowace safiya kafin ka ja igiya, leƙa ƙarƙashi. In ka ga tabo, injin na yoyo, ko ta noti ko ta robar da ke riƙe mai. Kai wa bakanike a ranar. Kuɗin robar bai kai na man da kake asara ba.

Juyen mai kuwa, in da hali, kada ka yi shi a fadama sam. Ɗora injin a babur ko amalanke ka kai gida ko wurin bakanike. Na san ba kullum hakan ke yiwuwa ba, musamman lokacin da albasa ke sa kai, ba ka son ta yi ko yini ɗaya babu ruwa. In dole a gona za ka yi, ɗauko injin daga bakin ruwa ka kai can tsakiyar tudu. Ka yi juyen injin na da ɗumi, don man ya fi saurin fita duka. Ni wata jarka mai lita huɗu na yanke gefenta ɗaya na bar murfin, ta zama kasko: in tara a ciki, in an gama in buɗe murfin in tsiyaye a gora. Ƙaramin inji mai inci biyu ko uku mansa bai kai lita ɗaya ba, gorar ruwa babba ɗaya ta ishe ka rani guda. Toshe ta da kyau, ka rubuta a jiki ko ka ɗaura mata jan ƙyalle, ka ajiye inda yara ba sa kaiwa. Tsumman da ka goge hannu da noti, sa shi a leda ka tafi da shi.

Baƙin man da ka tara akwai masu karɓa a gari, wurin masu juyen mai da bakanikai, wasu ma saye suke yi. Abin da nake roƙo kada ka yi da shi guda uku ne: kada ka zuba a kududdufi da sunan kashe sauro, kada ka shafa wa akuya ko jaki don ƙazuwa, kada ka zuba a rami kusa da rijiya. Man da ya gama aiki a inji ya kwashi ƙurar ƙarfe da dattin ƙuna, ya fi sabon mai guba.

Wajen zuba fetur, a kashe inji a bar shi ya huce, a sa mazurari, a yi a kan tamfol ɗin nan. Wankin kabireto da filogi da fetur, a yi a cikin gwangwani, kada a watsar da abin da ya rage. Waɗanda suka mayar da injinsu na gas tun da fetur ya yi tsada a 2023, su tuna har yanzu injin na shan man juye. Mai famfon sola ne kaɗai ya huta da wannan. Ku kuma 'yan acaɓa da masu kurkura da ke shiga da abin hawa har cikin ruwa a mashaya ku wanke, don Allah a ɗebo ruwan a bokiti a hau tudu.

In tsautsayi ya faru man ya zube a ƙasa, kada ka bi shi da ruwa, kada ka tura masa ƙasa da ƙafa ka rufe. Watsa buntu ko toka ko busasshen yashi ya tsotse, sannan ka sa shebur ka kwashe har ƙasar da ke ƙasa, ka ci gaba da haƙa sai launi da wari sun ƙare. Kai ƙasar can tudun da ambaliya ba ta kaiwa, nesa da rijiya, ka baza ta a kan leda, ka gauraya da takin dabbobi, ka riƙa ɗan yayyafa ruwa kana juyawa duk mako. Taki da iska da ɗumi su ne abin da ƙwayoyin nan masu cin mai ke so. Zai ɗauki watanni, kuma ko ta daina wari kada ka mayar da ita inda kake shuka abin ci.

In kuwa ya riga ya shiga ruwa, sauri ake bukata. Cusa buntu ko tattakar shinkafa a tsofaffin buhuna, ka jera su a kan ruwan ka kewaye ƙyallin ta ɓangaren da iska ke tura shi, ka jawo shi gefe a hankali. Shimfiɗa tsumma ko kwali a kai ya sha, ka ɗauke, ka sake sa wani. Kuskuren da na ga mutane na yi, har da masu kyakkyawar niyya, shi ne watsa omo. Nan take ƙyallin zai ɓace, ka ɗauka ka yi gyara, alhali farfasa man ka yi ya gauraye da ruwa ya sauka ƙasa, inda ba mai iya kwaso shi. Ga sabulun kansa yana lalata gashin tsuntsu kamar yadda mai ke yi. Kwana biyu ko uku bayan nan, sa yaro ya riƙa korar tsuntsaye daga wurin, kamar yadda ake korar jan baki a gonar shinkafa.

Yanzu ga batun agwagwar da ta riga ta shafa. Gashin agwagwa saƙa ce: ƙananan zaruruwa ne suka sarƙe da juna suka hana ruwa shiga, ƙarƙashinsu kuma akwai lallausan gashi mai riƙe iska da ɗumi. Mai yana wargaza saƙar nan. Tabo kamar girman kwabo a ƙirji ya isa ruwa ya kai ga fata, sanyi ya shige ta, ta kasa zama a ruwa ta yi kiwo, ta ƙone kitsen jikinta wajen neman ɗumi. Tana tsefe gashin kuma tana haɗiyar man, ya ɓata mata hanji da hanta da jini.

Don haka in ka same ta, kada ka fara da wanka. Wannan ne kuskuren da ya fi kashe su a hannun masu son taimako: tsuntsuwar da ta galabaita ba ta jure wanka. Lulluɓe ta da tsumma har kai, ka riƙe fikafikan a jikinta, kada ka matse ƙirji. Goge mata ido da hanci da cikin baki da tsumma mai laushi. Sa ta a kwali mai huji-huji, da tsumma a ƙasa, a ɗaki mai ɗumi da duhu, ba hayaniyar yara, ba kusa da kajin gida ba. Ɗiga mata ruwan gishiri da sukari irin na yara a gefen baki, kaɗan-kaɗan, ka bari ta haɗiye da kanta, kada ka ɗura. In ta fara ɗaga kai, ba ta jiƙaƙƙen gero ko shinkafa. Sai ta yi kwana ɗaya ko biyu tana ci tana tsayawa da ƙafarta sannan a yi maganar wanka.

Wankan na mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya wanke. Tanadi baho uku ko huɗu da ruwan ɗumi mai yawa, domin jikin agwagwa ya fi namu zafi, yana kai digiri 40 zuwa 41, ruwan sanyi zai ƙarasa ta. Auna da gwiwar hannu, ya ɗan fi na wankan jariri zafi. Sabulun ruwa na wanke kwanuka za ka sa, kaɗan. Ban da kananzir, ban da fetur, ban da omo. Nutsa jikin ka bar kan a waje, ka riƙa kaɗa ruwan da hannu yana ratsa gashin ta inda ya kwanta, ba cuɗawa irin ta wanki ba. Ruwa ya yi baƙi, ku koma baho na gaba. Ɗauraya ita ce rabin aikin, ta fi wankan daɗewa: ci gaba da zuba ruwan ɗumi mai tsabta har ka ga ruwan na taruwa ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, gashin na tashi kamar busasshe alhali kana zuba masa ruwa. Tsane ta da tawul, ka mayar da ita wuri mai ɗumi ta bushe, ta gyara gashinta da bakinta.

Bayan kwana biyu gwada ta a babban baho. In ta yi iyo sama-sama, ka ɗaga gashin ƙirji ka ga na ciki a bushe, ta kusa tafiya. In ta fara nutsewa ko ta jiƙe, fito da ita ta bushe, gobe a sake. Daga waccan ta farko zuwa yau huɗu suka zo hannuna, biyu suka tashi. Ta ƙarshen wata dinya ce da wani dattijo masunci ya kawo mini a cikin buhu, ya ce, "Malam, an ce kai ne likitansu." Na ce, "Baba, sai dai mu gwada." Kwana tara ta yi a bayan ɗakina. Ranar da muka sake ta da sassafe, nesa da injina, ta yi taku uku a cikin ruwa, ta girgiza, ta tashi ƙasa-ƙasa ta bi ta kan kacala.

Wadda ta mutu da mai a jiki, kada a ci, a binne ta da zurfi a tudu don kada kare ko shaho su ɗauka. In kuma ka ga tsuntsaye da yawa sun mutu babu alamar mai, kada ka taɓa da hannu, ka sanar da malamin dabbobi, domin murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan tun 2006 kuma tana dawowa. Da damina, lokacin da kirinjijiya da dinya ke kwanci, a kula da hannu mai mai: ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba a kan ɓawon ƙwai yana iya kashe ɗan da ke ciki, uwar ma in ƙirjinta ya shafa ita za ta kai wa ƙwan.

Duk wannan in kai kaɗai ke yi a layin inji ashirin, ruwan ɗaya ne. Mu abin da muka yi, mun sami mai unguwa da sarkin ruwa, don masunta ma abin ya shafe su, kifin da ke kwana a laka kamar tarwaɗa da gaiwa a nan yake. Aka aje tsohon duro mai murfi a tudu kusa da inda ake loda albasa, kowa ya juye nasa a ciki, in ya cika a kai Hadejia a sayar, kuɗin a sa a gyaran hanyar gona. Ba kowa ke bi ba har yanzu, amma duron na cika.

Aiki na ƙarshe shi ne ranar da za ka ɗauke inji, in an yi ruwan farko. Wurin da ya zauna wata biyar, nan da Agusta yana ƙarƙashin ruwa, duk abin da ka bari a nan ambaliya za ta raba wa fadama. Naɗe tamfol ɗin da buntunsa ka hau da shi tudu. Sannan ka sami sanda ka bi bakin ruwan kana caka ta cikin laka, tsawon hannu, kana zarewa. In ƙyalli ya taso, taɓa shi da tsinke. Akwai wanda ruɓaɓɓen ganye da ƙasa ke yi da kansu, shi yana farfashewa kamar ɓawon ƙwai, ba ya sake haɗewa. Na mai kuwa zai buɗe ya zagaya ya koma ya haɗe, in ka kai sandar hanci za ka ji warin gareji. Inda ka sami irin wannan, kafa alama, ka dawo da shebur da buhu tun ruwa bai hau ba.